Ƙanwar Oga

Da safe na lura babu mai katin shaida a wuya. Oga Saminu ne ya bi ya karɓe su, don an tsegunta masa jami'in ƙwadago zai zo daga Katsina.

Kamfaninmu sabo ne, muna haɗa makiyaya da masu sayen dabbobi ta waya. Muna da tambari, har da kujera mai juyawa. Takardar ɗaukar aiki da hutu da fansho ne kawai ba su iso Daura ba tukuna.

"Ni ba ni da ma'aikaci," in ji Oga. "Dangi ne ke taya ni. Badaru, kai ɗan yayata ne. Rauda, ke ƙanwata ce. Wanda ya kwafsa, ya nemi wani aikin."

Ni da ko ranar Sallah sai na zo ofis, yau na yi yaya.

Da jami'in ya shigo, na sunkuyar da kai. Oga ya nuna ni yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ce, ciki ɗaya. Zaman gida ne ya ishe ta."

Jami'in ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni.

"Rauda, ashe Inna ta haifi wani a bayana, ba a gayyace ni suna ba?"

"Wallahi Yaya Ɗantsoho, ni ma yau na ji."

Oga ya lalubo makullin babur ɗinsa, ya bi ta ƙofar baya.