Majanyin da Bai Tsufa Ba

Matso kusa, 'yar nan. Tunda kin ce nauyin maigidanki kike ji, bari in ba ki misalin wata mai ginin tukwane.

Ranar sunan ɗanta na fari uwarta ta ba ta majanyin saƙi. Ba ta da buri a duniya kamar ta goya ɗa guda har ya yi wayo, ya sauko da kansa ya riƙe bakin zanenta, su tafi ɗibar yumɓu tare. Amma ina! Kwanika ta hana. Yaro bai gama rarrafe ba wani cikin ya shiga, tsofaffi su ce nono ya ɓaci, a shafa masa maɗaci, a kai yaron yaye ƙauyen kakarsa. Haka aka yi da na fari, haka na biyu, haka ta uku. Tana kwaɓa yumɓu nono na tsiyaya, idonta na kan hanyar ƙauyen nan, kewa kamar ta kashe ta. Ita da ba ta taɓa gasa tukunya ba sai ta sha iska ta bushe, jikinta bai taɓa samun wannan hutun ba. A bakin rijiya ta ji mata na zancen allurar tazarar haihuwa a asibiti, wai sai da yardar miji. Kullum takan kai wa mijinta tuwo da maganar a bakinta, ta dawo da ita tare da kwano, don kada ya ce ta gaji da haifa masa.

Ranar da kakar ta dawo da 'yar ta uku, ta yi wayo har tana surutu, baiwar Allah nan ta ɗauko majanyin, har yanzu kamar sabo, ta durƙusa ta ba ta baya. Yarinya ta maƙe kafaɗa, ta ɓuya a bayan kakar, ta ce ita Innarta, wato kakar, ita kaɗai ke goya ta. Matar ta naɗe majanyin, hawaye na ɗiga a kansa. Mijin yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, duk a kan idonsa. Da kakar ta fita, sai ya ce, "Tun kan na biyu na so in ce ki je asibiti ki huta. Tsoro na ji, kada ki ce ɗawainiyar 'ya'yanki nake gudu." Washegari shi ya raka ta da ƙafarsa, ta kuma samu hutun, amma bayan nata waɗannan ukun sun riga sun wuce hawansa.

To kin ji. Ki tashi ki yi masa magana tun goyonki na bayanki. Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.