Matar Bayan Labule

A gida Rediyo ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Jami'i ne a hukumar tallafa wa masu doguwar jinya, inda asibitoci ke turo bayanan duk majinyacin da ya yarda a turo. Da ya dawo aiki sai ya baje a falo ya kama tasha: mai shagon nan ashe fitsarin kwance yake yi, matar wane kuwa ciwon da ba a faɗa ne da ita. Ƙannensa su yi ta sheƙa dariya.

Da can Mama ma takan murmusa. Kwanan nan kuwa sai ta tashi ta shige ɗaki, wai gajiyar zirga-zirgar gidan ƙanwarta ce. Zirga-zirgar ma har ta tsinka mata silifas. Shi ya kai gyara, aka rasa baƙin zare aka ɗinke da kore, ya wuni yana tsokanarta.

Ran nan asibiti ya sanar da ofis wata matsala. Akwai wata mata da ke bukatar wankin ƙoda, ba ta da hali, hukuma kuma za ta iya ɗaukar nauyinta, amma ta ƙi yarda a ba da ko sunanta. Doka kuwa ba ta da kwana-kwana: in ba yardar majinyaci ba a ba da bayani, in ba bayani ba tallafi. Matar kuma jikinta sai ƙara kumbura yake yi.

Rediyo ya ce a bar shi da ita, ai baki shi ke yanka wuya, shi kuma ke ceto.

Da ya isa asibitin, wata nas ta tare shi a ƙofar ɗakin matar.

"Yallaɓai, ta yarda ta saurare ka, amma ta bayan labule. Kuma ba za ta yi magana ba, ni zan faɗa maka amsarta."

Ya ja kujera ya zauna. Ya kawo bayanin doka, ya kawo lallashi, ya rantse cewa sirrinta ko ƙuda ba zai ji ba. Nas ta leƙa ciki, aka yi mata raɗa, ta fito.

"Ta ce akwai wani a ofishinku da ya mai da ciwon mutane abin hira. Da kunnenta ta ji, ba labari aka ba ta ba. Ta ce gara ƙasa ta rufa mata asiri da ta zama abin dariya."

Ya fara lissafin maƙwabtan da kan zauna a falonsu, yana neman wadda ya yi ɓaranɓarama a gabanta.

"Ba mu da irin wannan mutumin," in ji shi. "In ma akwai, ta faɗi sunansa, yau za a kore shi."

Wannan karon raɗar ta daɗe. Da nas ta fito, ba ta iya kallonsa ba.

"Ta ce don Allah kada a taɓa masa aiki. Yaron kirki ne, baki ne kawai ya yi masa yawa."

Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai don kada nas ta ga idonsa.

A ƙasan labulen, an ajiye silifas gefe guda don ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga, ɗaya da ɗinkin koren zare.