Injiniyar Bakin Gulbi

Tartsatsi ya sake tashi, Jidda ta yar da wayar wutar tana hura yatsa. Digirinta na tarihi ne, amma Baba ya riga ya shelanta wa masuntan Kalgo cewa ɗiyarsa 'yar jami'a za ta sa wa kwalekwalensa fitila da wurin caji. Ya kwatanta mata inda ya ɗaure shi, ya wuce Gwandu ta'aziyya.

Bidiyo ne malaminta. Ta ƙona fis, ta ƙona gefen mayafi, ta haɗa batir a juye har ya yi ƙauri. Masu gyaran taru suna ta yi mata sannu, kunya ta hana ta ɗaga kai, balle ta yi tambaya.

Ranar da Baba ya dawo, jama'a suka taru. Jidda ta danna makunni. Fitila ta kama tar! Aka ɗauki kabbara. Jidda ta ji kamar a ƙara mata wani digirin.

Baba kaɗai ne bai yi murmushi ba.

"Ɗiyata, aiki ya yi kyau," ya ce a hankali. "Amma namu ga shi can, gindin giginya."

Wani tsohon masunci, Malam Abdulgani, ya matso yana shafa fitilar.

"Kawu, naka ne?" in ji Jidda. "Kana kallona ba ka ce komai ba?"

"Awo, nawa na," in ji shi. "Na ɗauka tallafin gwamnati na. Na ji tsoron in yi magana ku fasa."