Murfin Tukunyar Inna

Ranar Asabar, ana yayyafi, na kawo ƙanwata Huseina daga Kunci zuwa gidan baje kolin kimiyya a Kano.

Ta ja ni gaban wani ƙaramin injin ban-ruwa mai sarƙar keke, ta karanta rubutun jikinsa: "Ba a san wanda ya ƙera ba."

"Yaya, da ka zauna a makaranta, ai da kai ma ka iya irin wannan."

Na ƙura wa faifan da ke juyawa ido. Murfin tukunyar marigayiya Inna ne, har da lotsawarsa. Da hannuna na ɗaura shi, kafin Baba ya sayar wa 'yan gwangwan da injin, ya miƙo mini fartanya.

Na rasa makaranta, na rasa injina, yau kuma na rasa sunana.