Mashigar Baushe

Tun da ciyawar kacalla ta shaƙe kogi, gwamnati ta ce kasafinta gari ɗaya kawai zai iya sharewa a shekara, wato wanda jirgin sama mai leƙe ya ga ya fi lalacewa. Ba wanda ya san ranar zuwan jirgin, don haka mutanen Tungar Gero suka haramta taɓa ko kara ɗaya na ciyawar, don a ga garinsu ya fi ko'ina lalacewa.

Baushe masunci ya gaji da jira, 'ya'yansa har sun manta ɗanɗanon kifi. Da hantsi ya shiga ruwa yana tumɓuke ciyawar don buɗe wa kwalekwalensa hanya. Nan mazan gari suka rufe shi da sanduna, wansa Tanimu a gaba.

"Yaya, 'yar mashiga ce kawai!"

"Mashigarka za ta ja mana wata shekarar!" in ji Tanimu. Ya danne hannun ƙanensa a bakin kwalekwale, ya sauke masa filafilin tuƙi har ƙashi ya yi ƙara.

Baushe na kwance cikin laka, jini na zuba, ya ga mata sun shiga ruwa har ƙugu suna sake dasa abin da ya tumɓuke. Matarsa na cikinsu tana kuka, amma ta fi kowa sauri.