Kwandon Hajja Zakiyya

Ranar da guntun siminti ya ɓallo daga jikin benen ya faɗa cikin tukunyar mai sayar da wake, jami'an kwana-kwana suka zo suka ɗaga kai, suka yanke hukunci. Gishirin tekun Iskandariyya ya cinye bangon, tagogin katako kuwa ashana ɗaya suke jira. Ko dai a lulluɓe ginin da allunan da wuta ba ta ci kafin guguwar hunturu, ko kowa ya kwashe kayansa.

Sitt Ihsan ta hawa na biyu ta karɓi ragamar aikin, don ba a taɓa yin wani abu a gidan nan ba ta karɓi ragamarsa ba. Mace ce da ke gaya wa mai burodi yadda ake gashi. Tun da mijinta Fikri ya tafi neman aiki Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, sai ƙarfin da take kashewa a kansa ya dawo kan maƙwabta.

Usta Gabir, shugaban magina, da yaransa suka kafa ƙarafan hawa. Hawa huɗu suka yi fes, sai aiki ya cije a na biyar.

Nan ne ɗakin Hajja Zakiyya, tsohuwar da ba wanda ya tuna rabonsa da ganinta. Wasu sun ce ɗanta ya taɓa zuwa ɗaukarta, amma ai kwandonta bai daina saukowa ba. Kullum da hantsi igiya za ta zuro shi daga baranda, Sitt Ihsan ta cika shi da girkinta, sadaka don Allah ya dawo mata da Fikri. Tsohuwar na da tsirfa. Tana son ƙwallo a rediyo, tsufa ya koya mata shan taba, kuɓewa kuwa yadda ta hau haka take saukowa.

"Ni dai ban yi sa'ar masu cin kuɓewa ba," Sitt Ihsan kan ce, ta sauya miya.

Usta Gabir ya ƙwanƙwasa ƙofa har hannunsa ya yi tsami. "Hajja, tagar kawai za mu cire!"

"A'a!" in ji wata shaƙaƙƙiyar murya.

"Wuta fa, Hajja!"

"Ta ci!"

Aka turo limamin unguwa, ya yi wa ramin makulli wa'azi. Aka ɗora guntun allo a kwando don ta ga kyansa, ya dawo da shaidar gindin kofin shayi a kai. Magina suka gwada leƙawa, aka watso musu ruwan wanki. Sama ta fara haɗa hadari, mutanen gida suka fara neman kwalaye, tsoro ya kama Sitt Ihsan sosai. Idan aka rufe gidan, ina Fikri zai same ta in ya dawo?

Sai ta ɗaure gyale, ta tsaya gaban bokitin da ake jan siminti da shi.

"Usta, ja ni sama."

"Haba Sitt, buhu biyu kawai yake ɗauka."

"To nawa ka ɗauke ni? Ja!"

Unguwa ta fito kallo. Magina shida na nishi, bokiti na lilo, tana zazzaga musu faɗa daga sama har ta dira a baranda. Ta kama tsohuwar tagar ta fizga, rubabben katakon ya biyo hannunta.

Babu tsohuwa a ɗakin, babu ma alamar ta kwana nan a shekarun kusa. Rediyo na ta ihun ƙwallo, ga tukunyar da ita kanta ta sa a kwando da hantsi a kan tebur. A bayan tukunyar, cikin singileti, da tumbin da hannunta ya gina, mijinta Fikri ya ajiye cokali a hankali ya ce, "Ihsan, sannu da hawa."