Fedar da Ta Ƙi Sakin Ƙafa

Talata ce, gari ya yi lumshi, ruwa bai sauko ba. Wani da ake ce wa Direba ya shigo shagon gyaran keke ɗauke da keken ɗansa a kafaɗa, ya dire shi gaban mai shagon. Mai shagon yayan matarsa ne, kuma duk unguwar Kawu suke ce masa. Ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe. Takalmin hagu yana nan maƙale a jikin feda, domin a gindin dutse sai da aka yanke igiyar takalmin kafin a zare ƙafar yaron.

"Duba min, Yaya," in ji Direba. "So nake in san wanda ya taɓa abin nan."

Ɗan nasa, Auta, yana kwance a asibiti tun ranar tseren keke na hawan dutse, inda ya faɗi da keken. Likita ya ce ƙashin baya ne. Da aka tambaye shi ko zai sake tafiya, sai ya ce a yi ta addu'a.

Kawu ne ya zaɓa masa fedar da takalmin. Auta ya daɗe yana ƙorafi cewa in keke ya hau kan tsakuwa ƙafarsa tana tsalle daga feda, ƙwaurinsa duk tabo. Yana son irin fedar da ke cafke takalmi ta riƙe. Ranar sayen tare da uwarsa ya zo. Ya miƙa hannu zai ɗauki wani takalmi mai ƙyalli, mai tafi kamar katako, Kawu ya buge hannun.

"Ka sauko da wannan za ka tura keke a kan dutse, rawar da ba ka iya ba za ka yi."

Ya ba shi mai tafin roba, wanda ake iya taka dutse da shi. Ya zaɓi feda mai kamawa ta fuska biyu, wadda laka ba ta toshe ta. Ya ɗaura ɗan ƙarfen da ke shiga feda a ƙasan takalmin, ya nuna masa: ka danna, ya ce ƙas, ka shiga. Za ka fita, ka murɗa dunduniya waje. Sannan ya nuna ɗan notin da ke jikin fedar. In an juya shi dama riƙo ya ƙaru, in an juya hagu ya ragu. Ya sassauta shi har ƙarshe.

"Yaya, in ƙafar ta fita yana cikin gangara fa?" uwar ta tambaya.

"Gara ta fita."

Auta ya yi dariya. "Umma, ke in an biye miki da igiya za ki ɗaure ni a sirdi."

Ya koyi shiga da fita a jikin bangon shagon, yana faɗuwa kamar buhu, Kawu yana ce masa ragon banza. Da tsere ya matso, sai ya fara mita a gida da shago cewa riƙon ya yi sanyi, ƙafarsa ta kuɓuce masa a tsalle har ya kusa kifewa. Kawu ya ce kada ya kuskura ya taɓa. Auta ba ya ƙetare maganar kawunsa a kan keke.

Yanzu Kawu ya kama takalmin ya murɗa. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu ya danna da gwiwa, sannan fedar ta saki. Ya duba notin dama da na hagu. An ɗaure su har maƙura, an ci gaba da juyawa bayan sun tsaya, har bakinsu ya cinye.

"Dogo ne," in ji Direba.

Dogo abokin tseren Auta ne, kuma shi ya zo na ɗaya ranar. An ga kekunan biyu jingine wuri guda kafin a tashi. Direba har ya je wurin 'yan sanda, sun ce ya kawo mai gyara ya faɗi da bakinsa cewa an taɓa fedar, su kuma su ɗauko yaron.

"Ko wane ne, Yaya, ni da shi har abada. Ko a gidana yake kwana."

Kawu ya san surukinsa. Ƙanin Direba uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa yi masa laifin da bai kai wannan ba, har yau ba ya amsa sallamarsa. Kawu ya sake shafa bakin notin da babban yatsa. Wanda ya san keke ba ya yin irin wannan ɗauri.

"Bar min shi zuwa gobe," ya ce.

Da la'asar ya leƙa asibiti. Dogo yana tsaye a baranda da leda a hannu, an hana shi shiga. A ciki Auta yana kallon rufi. Uwar tana zaune a ƙarshen gado tana matsa masa ƙafafun da ba ya ji, abincinta a rufe a ƙasa. Kawu ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Matan da suka zo dubiya suna ta ce mata ta ci ko loma ɗaya ce.

Washegari da safe bai buɗe shago ba. Ya koma asibitin, ya tsaya gaban Direba a cikin mutane, ya ce a ƙyale Dogo, shi ne ya ɗaure fedar da hannunsa, ya manta bai sassauta ba. Direba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce kada ya sake taka ƙofar gidansa, ko gawa aka fitar. Auta ya juyar da fuska bango. Kawu ya fita bai kalli ƙanwarsa ba, ita da ta zo shago ana gobe tsere ta ari makullin ɗaure notin feda, ta ce masa hannun tukunyarta ne ya yi sako-sako.